Me ya sa kowane kamfani yake zuwa da nasa jerin sinadaran da ya haramta a tufafi da takalma?

Tambaya: Ina aiki a wata majemar zamani da ke sayar da fata ga masu haɗa takalma a Turai. A 'yan shekarun nan duk kamfanin da muka ƙulla ciniki da shi sai ya aiko mana da kundin sinadaran da bai yarda a samu a cikin kayansa ba. Kundayen sun yi kama da juna amma ba su zama ɗaya ba, kuma kowanne yana neman nasa gwajin. Shin babu ma'auni guda da duniya ta amince da shi a harkar tufafi da takalma? Idan babu, wanne ya kamata mu bi?

Amsa: Malam, babu wata doka guda da ta hau kan dukkan ƙasashe a wannan fanni, kuma babu wata hukuma da ke da ikon kafa ta. Abin da ya fi kusa da hakan shi ne Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta fara aiki a 2004, to amma ita ta taƙaita ne ga sinadaran da ke daɗewa a cikin ƙasa da cikin ruwa ba su ruɓe ba, kuma ba ta ce komai ba game da mafi yawan abin da ke cikin kundayen da ake aiko muku. Sai dai tazarar da ke tsakanin kundayen nan ba ta kai yadda ake gani a ido ba, domin galibinsu daga tushe ɗaya aka ɗebo su, kuma wanda ya fahimci inda suke rabuwa zai iya gamsar da masu saye da yawa da tsari guda.

Dalilin wannan rarrabuwa yana cikin tarihin dokokin kansu, domin ba a zauna an tsara su gaba ɗaya ba. Kowace ƙasa ta yi tata ne bayan wata cuta ta bayyana a cikin jama'arta. Japan ta yi dokar kayan amfanin gida a 1973, ta taƙaita sinadarin fomaldihaid a tufafi, wanda ake sa wa yadi don kada ya yamutse, saboda ƙurajen da yake fesowa a jikin jarirai. Jamus ta haramta wasu rinunnukan azo a 1994, waɗanda ke iya narkewa a jikin mutum su saki sinadarai masu haddasa ciwon daji, Indiya ta bi sahu a 1997, sannan Tarayyar Turai ta mayar da haramcin na dukkan ƙasashenta a 2002. Amurka kuwa ta fi mayar da hankali ga kayan yara, inda dokarta ta 2008 ta sa iyaka a kan dalma da kuma sinadaran fitalet da ake tausasa roba da su. Akwai kuma abin da ya faru a Turai wajen 2007 zuwa 2008, lokacin da mutane a Finland da Ingila da Faransa suka riƙa zuwa asibiti da fatar baya ko ta ƙafa a saɓule kamar an ƙona su. Da aka bincika sai aka gano cewa 'yan ƙananan ƙunshin maganin fumfuna ne da ake jefawa a cikin kwalin takalmi ko a cusa a cikin kujeru don kada danshin teku ya ɓata kayan a hanya, kuma sinadarin da ke ciki, wanda ake kira DMFu, yana tashi kamar tururi ya shige cikin fata da yadi. A 2009 Tarayyar Turai ta hana shi, ta sa iyakar miligiram 0.1 a kilo ɗaya. Wannan ne ya sa har yau za ku ga sunansa a kowane kundi, ko da kuwa majemarku ba ta taɓa sayen sa ba.

A yau babbar dokar da ta shafe ku ita ce REACH ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yunin 2007, musamman rataye na 17 da ke cikinta. A nan ne aka tattara iyakar rinin azo, da ta nikel a ƙarafan da ke taɓa jiki irin su zif da maɓalli, da ta nau'in kuromiyam mai illa da ake kira mai daraja shida a fatar da aka jeme, sannan tun daga 1 ga Nuwamban 2020 aka ƙara wasu sinadarai 33 masu haddasa ciwon daji ko illa ga haihuwa a tufafi da takalma. Ƙasar Sin tana da nata ma'aunin na dole, GB 18401, Amurka kuma ban da dokar tarayya kowace jiha tana iya yin tata, kamar yadda Kalifoniya ta yi tun 1986 da dokar da ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin kaya.

Idan aka jera waɗannan dokoki kusa da juna za a ga cewa saɓaninsu ba a sunayen sinadarai kaɗai yake ba. Turai ta lissafa sinadarai 22 da ba ta yarda rinin azo ya sake su ba, ta sa iyakar miligiram 30 a kilo. Sin ta lissafa 24, ta sa iyakar 20. A fomaldihaid na kayan jarirai Sin ta tsaya a 20, Japan a 16, duk da cewa sun haɗu a 75 ga tufafin manya da ke taɓa jiki. Hatta wane ne jariri ma ba a daidaita ba, domin a Japan yaron da bai wuce wata 24 ba ne, a Sin kuwa har zuwa wata 36, yayin da dokar Amurka take ɗaukar duk abin da aka yi domin ɗan shekara 12 zuwa ƙasa a matsayin kayan yara. Irin wannan saɓani yana da sauƙin magani, domin sai a ɗauki lamba mafi tsauri a bi, a huta.

Saɓanin da ya fi wahala, wanda kuma a ganina shi ne zuciyar al'amarin, yana cikin yadda ake gwajin. Mutum biyu za su iya amincewa a kan farashin mudun gero su kuma yi rigima idan kowa ya zo da nasa mudun, kuma haka lamarin yake a ɗakin gwaje-gwaje. Lamba ba ta da ma'ana sai an faɗi da wane ruwa aka tatso sinadarin, a wane zafi, na tsawon wane lokaci, daga wane ɓangare na takalmin, kuma ko jimillar abin da ke cikin kayan ake nema ko kuwa abin da gumi zai iya fitarwa kawai. Dalma da aka auna ta hanyar narkar da yanki gaba ɗaya a cikin asid ba za ta zo daidai da wadda aka auna ta hanyar jiƙa shi a ruwan da aka haɗa ya yi kama da gumi ba, alhali duka biyun za a rubuta su da miligiram a kilo.

Kuromiyam ne misalin da ya fi kusa da aikinku. Mafi yawan fatar da ake jemewa a duniya da gishirin kuromiyam mai daraja uku ake yi, kuma shi ba a hana shi ba. Wanda aka hana shi ne mai daraja shida, wanda ke haddasa ƙaiƙayi mai tsanani da ba ya rabuwa da mutum idan jikinsa ya riga ya ƙi shi, kuma tun 1 ga Mayun 2015 Turai ba ta karɓar kayan fata masu taɓa jiki da suka kai miligiram 3 a kilo. Ba majemi ne yake zuba shi ba. Mai daraja ukun ne yake rikiɗa ya koma mai shida idan fatar ta haɗu da zafi, ko hasken rana, ko wani mai da aka tausasa ta da shi wanda ke saurin lalacewa a iska, ko kuma idan an bar ta da kaifin alkali fiye da kima. Saboda haka fata za ta iya cin gwaji a ranar da ta bar majema, a ɗora ta a kwantena ta yi makonni a cikin zafi, mai haɗa takalmi ya bi ta da iska mai zafi don ya gyara yamutsi, sannan a gwada a Italiya a ce ta faɗi. Don a kauce wa hakan ne wasu masu saye suke neman a fara gasa samfurin na awa 24 kafin a auna, to amma wani yana cewa a zafin digiri 60, wani kuma 80, wani ma bai nemi gashin ba sam. Ƙari a kan haka, miligiram 3 ɗin nan shi ne kusan mafi ƙanƙantar abin da hanyar gwajin ISO 17075 take iya aunawa da tabbaci, shi ya sa ɗakunan gwaji biyu masu rijista za su iya yankar fata ɗaya, wannan ya samu ƙasa da iyaka, wancan ya samu sama da ita kaɗan. Duk kamfanonin sun rubuta 3 a kundayensu, amma a zahiri ba abu ɗaya suke nema ba.

Kamfanonin da kansu sun ga wannan wahala tun da wuri, domin masaƙa guda a Bangladesh ko masana'antar takalmi guda a Biyetnam takan yi wa manyan kamfanoni da dama aiki a lokaci ɗaya. A 2004 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar AFIRM, wadda a yau ta ƙunshi irin su Nike da adidas da Puma da H&M da Levi Strauss, kuma take fitar da kundi guda na sinadaran da aka taƙaita a cikin kayan da aka gama, wanda ake kira RSL a taƙaice. Amfanin kundin nan shi ne kusa da kowane sinadari an rubuta iyakarsa, da hanyar gwajinsa, da irin kayan da ake yawan samunsa a ciki, kuma ana sabunta shi a kai a kai, ana fassara shi cikin harsunan ƙasashen da ake yin aikin, ana kuma bayar da shi kyauta. Idan kuka ɗauko kundayen da ke kan teburinku kuka gwada da shi, ina kyautata zaton za ku tarar mafi yawansu shi ne aka canza wa bango, aka ƙara layi biyu ko uku. Kafin wannan ma akwai takardar shaida ta OEKO-TEX, wadda ta fara a 1992 ta kasa kaya gida huɗu gwargwadon kusancinsu da jikin mutum, da tsarin bluesign mai tantance sinadaran da masana'antu ke aiki da su, wanda aka kafa a Suwizalan a 2000, sannan ga fata akwai ƙungiyar Leather Working Group da aka kafa a 2005 mai binciken yadda majemu suke tafiyar da aikinsu.

To amma kundin RSL yana da wani babban rauni, shi ne abin da ya rage a jikin riga kaɗai yake dubawa. Masaƙa za ta iya amfani da sinadari mai guba, ta ɗauraye yadin sosai har ya ci gwaji, gubar kuma ta bi magudana ta shiga kogi. A watan Yulin 2011 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta fitar da sakamakon gwajin ruwan da wasu masana'antu biyu suke zubarwa a yankunan kogin Yangtze da kogin Pearl a ƙasar Sin, ta kuma ambaci sunayen manyan kamfanonin da ke hulɗa da su. Kafin shekarar ta ƙare kamfanoni shida, wato adidas da C&A da H&M da Li Ning da Nike da Puma, suka haɗu suka yi alkawarin daina zubar da sinadarai masu haɗari zuwa 2020, kuma daga nan ne aka samu ƙungiyar ZDHC mai kula da wannan alkawari, wadda hedikwatarta take Amsterdam. Ba a cika alkawarin a kan lokaci ba, amma ya haifar da abin da ya fi komai sauya harkar: kundin MRSL, wanda aka fara fitarwa a 2014. Shi wannan ba riga yake gwadawa ba, durom ɗin sinadarin da ke shigowa sito yake dubawa, ya hana a sa wasu abubuwa da gangan a cikin rini da sabulun wanki da mai da gam tun daga wurin mai haɗa su. Sinadarin da aka tantance ana ba shi mataki na 1 ko 2 ko 3 gwargwadon zurfin binciken da aka yi masa, a kuma shigar da shi a rumbun bayanai na intanet inda masana'anta za ta duba kafin ta saya, kuma ana karɓar shaidar OEKO-TEX da ta bluesign a wannan tsari, wanda ya rage maimaita gwaji.

Sinadarin NPE ya nuna dalilin da ya sa ake buƙatar kundayen biyu. Wani nau'in sabulu ne mai araha da ake cire maiƙo da shi daga ulu da fata da yadi, idan ya shiga ruwa sai ya rikiɗa ya zama abin da ke dagula haihuwar kifi. Turai ta hana masana'antunta amfani da shi tun 2005, amma ta ci gaba da shigo da tufafin da aka wanke da shi a Asiya, mutane suna wankewa a gidajensu yana gangarawa kogunansu, har sai 3 ga Fabrairun 2021 da iyakar kashi 0.01 cikin ɗari ta fara aiki a kan tufafin kansu. Shekara 16 ke nan dokar tana toshe ƙofa ɗaya ta bar ɗaya a buɗe.

Takalmi ya fi riga wahalar daidaitawa, domin a cikin ƙafa ɗaya akwai fata, da yadin ciki, da soso, da robar tafi, da gam, da zare, da ƙarfen ramin igiya, da fenti, kuma kowanne daga wata masana'anta dabam yake zuwa da irin tasa matsalar. Baƙar roba takan zo da ragowar man da aka tausasa ta da shi, fatar roba takan riƙe sinadarin DMFa da aka narkar da ita a ciki, wanda bai kamata a rikita shi da DMFu na fumfuna ba duk da kamar sunayen, gam kuma yana ɗauke da masu narkarwa waɗanda suka fi cutar da ma'aikacin da ke shaƙar su a kullum fiye da wanda zai sa takalmin. Ku masu fata abu ɗaya ne kawai a cikin wannan tari, amma idan takalmi ya faɗi gwaji sau da yawa majema ake fara tuhuma.

Kada kuma a ɗauka cewa tafiyar kullum zuwa haɗewa take yi. A kan sinadaran PFAS, waɗanda ake shafa wa yadi da fata don ruwa da maiƙo su zame, dokoki suna sake rarrabuwa a gabanmu. An fara hana su ɗaya bayan ɗaya, PFOS ya shiga Yarjejeniyar Stockholm a 2009, PFOA a 2019, masu haɗa sinadarai kuwa suka koma ga 'yan uwansu masu gajeren jiki da doka ba ta ambata ba, waɗanda su ma ba sa ruɓewa. Ganin haka sai Kalifoniya ta hana dangin gaba ɗaya a tufafi daga 1 ga Janairun 2025, tana auna jimillar fulorin, sinadarin da ke jikin kowane ɗan dangin nan, da ke cikin kayan da iyakar miligiram 100 a kilo, wadda dokar ta tsara saukowarta zuwa 50 a 2027. Jihar New York ta yi tata dokar, Faransa ta zartar da tata a 2025, ita kuma Tarayyar Turai har yanzu dokokinta da ke aiki suna bin sinadaran ne rukuni rukuni da iyaka ƙanƙanuwa ƙwarai. Gwajin jimillar fulorin da gwajin sinadari ɗaya ɗaya tambayoyi biyu ne dabam, kaya zai iya cin wannan ya faɗi wancan. Ba na tsammanin za a kai ranar da gwamnatoci za su miƙa wannan iko ga wata hukuma guda, kuma ba na ganin hakan duka asara ce, domin kusan duk wani haramci mai amfani wata ƙasa ce ta fara shi ita kaɗai kafin saura su biyo. Abin da ba shi da hujja shi ne kamfanin da ya sa hannu a kundin haɗin gwiwa sannan ya ƙara nasa sharuɗɗan ba tare da wani dalili na kimiyya ba, ya kuma dage sai an yi gwaji a ɗakin da ya zaɓa, alhali kuɗin gwajin a wuyan masana'anta yake, kuma ƙaramar masana'anta da babba kuɗi ɗaya suke biya a kan kowane launi da kowane nau'in kaya.

Game da wanda za ku bi, shawarata ita ce ku ɗauki kundin AFIRM na baya bayan nan a matsayin ginshiƙi ga fatar da kuke fitarwa, ku ɗauki MRSL na ZDHC ga duk abin da ke shiga sitonku, sannan ku rubuta a takarda ɗaya wuraren da kowane mai saye ya fi waɗannan tsauri, ba za su yi yawa ba. Kada ku karɓi durom ɗin da ba shi da takardar bayanan kariya mai ɗauke da lambar CAS, wato lambar shaida da ake gane kowane sinadari da ita, ta abubuwa masu haɗari da ke ciki, kuma a nan ne masana'antunmu suka fi samun matsala, domin sinadarin da aka sayo a kasuwa an juye shi a jarka babu suna ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinsa. A kan kuromiyam, majemu da yawa suna ƙara ɗan jima na tsirrai a matakin ƙarshe saboda yana hana rikiɗar nan, kuma bagaruwar da majemanmu na gargajiya suke aiki da ita tana cikin wannan dangi, sai dai tana iya sauya launi, don haka a gwada a kan 'yan fatu kafin a zuba wa ganga guda. Ku tuna kuma cewa dokar gida tana nan, domin hukumar kare muhalli ta Nijeriya, NESREA, ta fitar da ƙa'idoji na musamman ga masana'antun yadi da tufafi da fata da takalma tun 2009, kuma mai saye da ke bin tsarin ZDHC zai nemi sakamakon gwajin ruwan da kuke zubarwa, ba na fata kaɗai ba.

Kafin ku sa hannu a kowace yarjejeniya, ku nemi a rubuta lambar hanyar gwajin da shekarar bugunta, da ko za a gasa samfurin da kuma a wane zafi, da wanda zai yanki samfurin da inda za a yanka, sannan ku nemi a amince da sakamakon duk ɗakin gwajin da ke da shaidar ƙwarewa ta ISO/IEC 17025 a kan wannan hanya. Ku kuma ajiye yanki daga kowane kaso da kuka tura, a rufe a wuri mai sanyi da duhu tare da kwanan wata, domin idan gardama ta taso bayan watanni shi za a aika wa ɗakin gwaji na uku.